Amsar da Safiyyah Ta Bayar da Sifaniyanci

Ranar wata Asabar bayan la'asar, a gidan Malam Abdulmalik da ke Gyaɗi-Gyaɗi, aka ji muryar maigidan ta ɗaga fiye da yadda aka saba, alhali kuwa dattijo ne mai auna kalma kafin ya furta. Da matarsa yake magana.

"Haba, Hajiya Hasana! A gabana? 'Yar cikina ta buɗe baki ta ce tana son namiji, ina zaune? Shirun budurwa shi ne yardarta, haka muka tarar!"

Asalin al'amarin kuwa shi ne, Haisam, ma'aikacin jinya a asibitin koyarwa, ya daɗe yana neman Safiyyah, 'yar Malam, an kuma yaba da halinsa. Marigayi mahaifinsa Bakano ne na Darmanawa da fatauci ya kai Malabo, wani birni a ƙasar waje inda ake magana da Sifaniyanci, ya auri wata 'yar can, Hajiya Mariya, wadda ba ta jin Hausa sai Sifaniyanci. To, ita ce ta zo Kano, ta kafa sharaɗi guda: ba za ta sa albarka ba sai ta ji yardar yarinyar da kunnenta, a gaban ubanta. A wurinta shiru ba amsa ba ce. Ranar Juma'a ta biyu za ta koma, Haisam kuwa ya rantse ba zai yi aure ba da albarkar uwa ba.

Safiyyah ta shiga ɗaki ta yi kuka har idanunta suka kaɗa. Yayarta Zainab, ɗalibar jami'a mai kaifin baki, ta tsaya a kanta.

"Ke dalla tashi! Kukan nan ba shi da wani yus. Ki faɗa mata kawai, shi ke nan."

"Yaya, wallahi gara ƙasa ta tsage in shige da Baba ya ji wannan kalma a bakina."

Sai ta goge fuska, ta ce a hankali, "Amma... Baba yana jin Sifaniyanci?"

Zainab ta dafe ƙirji. "Kai! Yarinyar nan, ashe kanki yana ja!"

Daga ranar suka duƙufa koyon Sifaniyanci a kan waya. Safiyyah ta ƙi yarda Haisam ya koya mata, domin shi ma kunyarsa take ji. Ta koyi "sí", wato na'am. Ta koyi "claro", wato ko shakka babu. Da ta tarar "vale", wato to, ta fi dacewa da hirar tsara, ta ajiye ta, ta ce ba ta surukai ba ce. Wadda ta ba ta wahala ita ce "estoy de acuerdo", wato na amince. Tana wanke-wanke tana maimaitawa, tana cikin adaidaita sahu zuwa Tarauni tana motsa leɓe, Zainab na yi mata tsiya: "Amarya, a hankali, kada harshen ya karye kafin biki!"

Ranar Alhamis Hajiya Mariya ta zo. Hajiya Hasana ce ta lallashi Malam ya zauna, ya zauna ɗin fuska a ɗaure. Haisam ya durƙusa a bakin ƙofa a matsayin tafinta, gumi na tsattsafo masa. Baƙuwar ta yi tambayarta, ya fassara.

Kowa a falon ya juya ya dubi yarinyar. Safiyyah, kanta a sunkuye cikin mayafi, ta ce, "Sí, señora. Estoy de acuerdo."

Allahu Akbar! Wanda bai ga fuskar matar nan ba a wannan lokaci, bai ga abin mamaki ba. Mako uku tana zaune a Kano kamar kurma, sai ga harshen uwarta ya fito daga bakin 'yar Gyaɗi-Gyaɗi! Ta miƙe, ta rungume yarinyar, hawaye na zuba, tana ta maganar da ba mai ganewa sai ɗanta.

Malam ya gyara zama. "Me Safiyyah ta ce mata?"

Haisam ya buɗe baki, sai dattijon ya ɗaga hannu.

"A'a, bar shi, ɗana. Ni dai ban ji 'yata ta faɗi kome ba." Ya dubi hawayen baƙuwar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ka gaya wa iyayenka maza su zo ranar Lahadi a sa rana."

Ya ku 'yan mata da samari, ku yi nazari. Safiyyah ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba, ba ta kuma raina sharaɗin surukarta ba. Ta yi haƙuri, ta ɗora wa kanta wahalar koyo, har kowannensu ya sami haƙƙinsa. Duk wanda ya girmama iyaye ta ɓangarorin biyu, Allah ba zai hana shi mafita ba.