Katangar Saman Ɗaki

A wurin matsar man zaitun Yo'ezer ya fara ganin Shelamziyon, tulu a kafaɗarta. Gyaran dutsen niƙa yake yi, ya bi ta da kallo har ya sauke wa yatsansa guduma.

Mahaifinta ya fi son ɗan mai gonar inabi. Ya ce, "Magini mai yi wa Girkawa aiki a birnin Siffori?" Amma da Yo'ezer ya miƙa mata ƙoƙon baiko gaban dattawa, sai ta shanye tas. Magana ta ƙare.

Saura ya gina mata ɗaki a jikin gidan ubansa, kuma uban kaɗai ke cewa ya kammala. Ya zuba duk fasahar da ya koyo, har da ginshiƙai da zane a daɓe. Uban nasa, Baba Halfai, ya zagaya ya ce, "Da saura."

"Abba, me ya rage?"

"Kai ne maginin."

Shekara ta zagayo. Ubangidan Yo'ezer, wani Bagirke, ya riƙa tsokana: "Yaushe za mu ci gamos ɗin nan, ko amarya ta tsufa?" Haka suke kiran biki. A ƙauye kuwa an fara cewa ya fasa, mahaifinta har ya soma zancen takardar saki, don a al'adarsu sai da ita ake warware baiko.

Yo'ezer ya rubuta a fasasshen kasko ya aika mata: "Kurciyata, ban fasa ba. Na rasa abin da Abba yake nema."

Ta bi ta ƙofar gidan da tulunta, ta ɗaga kai sau ɗaya. Kaskon ya dawo da amsarta: "Maginina, a saman ɗakin zan riƙa shanya ɓaure. Yaranmu za su biyo ni."

Nan take ya tuna. Tun yana yaro ya ji a Attaura: wanda ya gina sabon gida ya kewaye rufinsa da katanga, kada wani ya faɗo. Garin ado ya manta.

Kwana shida ya yi yana ɗora dutse. Baba Halfai ya hau, ya jingina da katangar da dukan nauyinsa, sannan ya juyo ga ɗansa.

"Je ka ɗauko matarka."

Da faɗuwar rana aka busa ƙahon rago. Fitilu suka gangaro daga tudu kamar taurari sun sauko ƙasa. A ƙarƙashin lulluɓi ta raɗa masa, "Ka daɗe."

"Amma ba mai faɗowa."

Dattawa suka ɗaga ƙoƙo suka sa albarka, duk ƙauyen ya amsa da amin.