Irin Geron Inna

Magariba ce irin ta kullum a gidan Gidiyon, can bayan kasuwar Mayahi. Matarsa Lidiya tana tuƙa tuwo, ɗiyarsu Tabita tana kora kaji akurki, shi kuwa gogan yana bakin ɗaki da ordinatar, wato kwamfuta, a cinya, ya haɗe gira. Sai wani abu ya zubo a kan kwanon rufi, yaf-yaf-yaf. Lidiya ta ɗaga kai da murna, ta zaci ruwa ne, don damina ta yi gardama a shekarar. Sama fes, ko ɗigon gajimare babu.

Gidiyon mai binciken iri ne. Ya zaga ƙauyuka daga Urafane har Maijirgi yana karɓar geron gargajiya, aka niƙa a ɗakin bincike, aka karanto abin da ke cikin ƙwayar, wanda ke sa wani gero ya jure fari wani ya ƙone. Da sojoji suka karɓi mulki, masu tallafi suka kwashe nasu suka tafi, babbar na'urar Yamai da ke sarrafa masa bayanan ta tsaya. Aka bar shi da manyan fishiye, wato fayilolin bayanan irin, a 'yar ordinatarsa, kuma dole ya juya su zuwa siffar da za a iya aiki da su. Da ya sa aikin, sai na'urar ta ɗau zafi, ta yi nishi, ta tsaya cak, wai wuri ya ƙare mata. Ya rufe duk abin da ke buɗe. Ya yayyanka aikin gunduwa-gunduwa. Kowanne ya wuce, ban da ɗaya, wanda ya fi duka girma: na irin kakarsa Inna.

Irin nan kuwa, bayan rasuwar tsohuwar ya juye gorarta kaf daga gindin rumbu aka niƙe, ko ƙwaya bai rage ba. Kuma ya san sarai ba wani kwafi a ko'ina. Amma haushi ya ci shi, ya danna, ya goge fishiyen, sauran aikin ya tafi sumul. Kai, Gidiyon! A ranar ce abin ya fara zuba a kan kwano.

Kowace magariba sai ya zubo. Lidiya ta ce, "Baban Tabita, gero ne fa ake watso mana."

"Yaran maƙwabta ne. Share ki ba kaji." Ko kai bai ɗaga ba. Ba ya son jin sunan gero ma.

Kaji suka yi ta biki. Sannan geron ya ɗauke, duwatsu suka maye gurbinsa, manya, suna faɗowa tsakar gida daga inda ba kowa. Sai Tabita ta daina cin abinci. In rana ta faɗi, ta tafi gindin rumbun da ba komi a ciki ta tsuguna, tana gunaguni da wata murya mai kauri, ta tsofaffi. 'Yan majami'a suka zo suka yi addu'a da waƙoƙi, yarinya dai sai ramewa take, idanu sun zurma. Gidiyon yana kallon wuyanta ya zama kamar kara, ya san laifin wa ne.

Lidiya ce ta yafa zane ta ƙetara wurin maƙwabcinsu, Malam Na Allah, dattijon da ya san karatu kuma ya san mutanen ɓoye. Ya zo daf da magariba, ya zauna a tabarma gaban yarinyar, ya yi ta karatu a hankali. Gida ya yi tsit, har kajin suka yi shiru. Can Tabita ta miƙe wuya ta zuba masa ido.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Na riga kakar mai gidanga zama wuringa," in ji muryar.

"Mi ɗiyar mutane ta yi maka?"

"Ba ita ba. Ga shi nan zaune." Yatsan yarinyar ya nuna ubanta. "Shekarar babbar yunwa, Inna ta ci dusa da ganye, ba ta taɓa gorar iri ba. Kowace kaka tana zuba mini tafi guda gindin rumbu, ni ko ina tsare mata gorar daga gara da ɓera. Ya zo ya niƙe. Na yi shiru, tunda ya ce yana nan cikin akwatinshi. Ya koma ya fidda shi daga akwatin, wai ba wuri. Na ji tausai, na ɗebo nawa rabon da na tara, na maido mashi. Malam, kaji ya ba!"

Gidiyon ya dafe kai. Kunya da nadama suka rufe shi, hawaye na zuba, babba da shi.

Malam bai ko dube shi ba, ya fuskanci mai muryar. "An cuce ka, ban musa ba. Amma yarinya ba ta ci maka komi ba. Fita ka bar ta."

"In fita in tafi ina? Rumbun wofi?"

"Duniya da faɗi. Faɗi abin da kake so."

Duhu yana ta sauka a kan katanga. Muryar ta ce:

"Saura tafi guda gare ni. In watso shi in tafi. Ya tsince da hannunshi, ya shuka da hannunshi, kar ƙwaya ɗaya ta shiga injin. Kuma gara da ɓera, daga yau ya ji da su."

"Ka ji, Gidiyon?"

"Na ji, Malam. Na ɗauka."

Malam ya sa mutumin ɓoyen ya rantse ba zai dawo ba, ya ci gaba da karatu. Tabita ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta, ta ce ruwa take so. A daidai nan abin ya zubo a kan kwano, yaf-yaf, ɗan kaɗan, ya ɗauke.

Gidiyon ya durƙusa cikin rairayi yana lalube, Lidiya ta riƙe masa fitila. Ƙwaya nan, ƙwaya can. Abin da ya tara bai rufe tafin hannunsa ba.

"Baba, mi kake nema?" in ji Tabita, da muryarta ta kanta.

Ya ci gaba da lalube. Ya dai ce wa Lidiya ta matso da fitilar, kuma gobe kar wanda ya buɗe wa kaji.