Zane na Arba'in da Ɗaya

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Lahadi aka buga waya ofishin 'yan sanda na Bagdadiyya a Jidda, aka ce an sace wani zanen fenti mai tsada a wani gidan gwanjo. Sufeto Munira aka tura, ita da Kofur Sa'ud.

Ranar ce gidan zai karanta wa masu hannun jari rahoton shekara. An jera kujeru, an ɗora gahawa, kowace kujera da littafin rahoto mai sheƙi. Munira ta ɗauki ɗaya ta buɗe. Cinikin bana ya kai riyal miliyan goma sha tara, ya ɗara na bara da kaɗan. Miliyan huɗu daga ciki na zane ɗaya ne, mai lamba arba'in da ɗaya, hoton tsofaffin gidajen Balad, tsohuwar unguwar birnin, da tagoginsu na katako. Shi ne ya ɓace.

Manajan gidan, Ustaz Mohannad, ya tarbe ta da fuskar jimami. Ya ce an sayar da zanen a gwanjon ƙarshe ga wani mai saye ta waya, gobe ya kamata ya aiko a ɗauka. Kamarorin sito suna wurin gyara tun makon jiya. Makulli biyu ne kawai, nasa da na mai kula da sito. Shi kuwa sai tara ya iso, ya tarar da shugabar gidan, Sayyida Mashael, tana neman a fito da zanen baƙi su gani.

"Ba na son zargin kowa," ya ce, "amma yarinyar da ke kula da siton tana da mara lafiya a gida. Ke ma kin san buƙata."

Mai kula da siton tana tsaye bakin ƙofa, hannu harɗe a ƙirji. Mastura sunanta, Bahaushiyar Sudan da ke zaune a unguwar Ammariyya. Tarihin zane ta karanta a jami'a, amma iƙamarta, wato takardar izinin zama a ƙasar, cewa take ita mai share-share ce. Shekara shida ita ke rubuta bayanin kowane zane a littafin gwanjo, sunanta bai taɓa fitowa a bango ba. An riga an shaida mata cewa in zanen bai fito yau ba, gidan zai soke iƙamarta, ita da mahaifiyarta su tattara su bar ƙasar.

Munira ta gaishe ta da Hausa, irin wadda ta tsinta a bakin kakarta a unguwar Sa'alaba. Mastura ta ɗaga gira, amma ba ta saki fuska ba.

"Ina kike da safen nan?"

"Asibiti. Wankin ƙodar Umma, daga biyar da rabi zuwa takwas. Sa hannuna yana can. Sufeto, in za ki tambaye ni, ki tambaye ni abin da na sani, ba inda talauci ya kai ni ba."

Munira ta ce to, me ta sani?

Mastura ta kai ta gaban wata ƙaramar na'ura a bangon sito. Ta bayyana mata cewa laimar Jidda ita ce babbar abokiyar gabar fenti, shi ya sa na'urar ke auna ta dare da rana. Duk wanda ya buɗe ƙofa, iskar waje ta shigo, sai layin ya yi tsalle. Ta nuna da yatsa. Layin a miƙe yake tun yammacin Alhamis, sai ƙarfe shida da minti goma na safiyar yau ya tashi, ya ɗauki minti bakwai kafin ya sauka.

"Shekara shida ina kwafe wannan a littafi, suna mini dariya," ta ce.

Kofur Sa'ud ya kira asibitin, aka tabbatar da sa hannun.

Daga nan Munira ta nemi takardar mai sayen. Mastura ta ce ƙa'idar gidan ita ce duk ma'aikacin da ya riƙe waya a gwanjo shi zai cike takardar da hannunsa. Ta arba'in da ɗaya da rubutun Ustaz Mohannad take. Munira ta buga lambar da ke ciki sau uku, a kashe. Akawun gidan, da aka matsa masa, ya amsa cewa kwana arba'in da buga guduma ko riyal ɗaya bai shigo ba.

Saura masu ɗaukar kaya. Babbansu dattijo ne ɗan Nijar, Souleymane, wanda ke kwana a ɗakin da ke gefen wurin ajiye motoci. Ya rantse bai ga kowa ba, bai ji komai ba, idonsa yana ta komawa ƙofar manaja.

Munira ta ja kujera ta zauna kusa da shi.

"Baba, ba kafilinka mai riƙe da iƙamarka ba ne ke tambaya, ni ce. In ka yi shiru, Mastura za a kora."

Dattijon ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ce shi dai bai ga an ɗauki komai ba. Abin da ya dame shi ɓarnar mai ce. Motar Ustaz tana ƙasa tun bayan asuba, injin a kunne, mukayyif yana ta hura sanyi, ba kowa a ciki. Ya hau ya gaya masa, aka ce ya kula da aikinsa.

Munira ta dubi Mastura.

"Fentin mai ba ya jure zafin mota a rufe," Mastura ta ce a hankali. "Awa ɗaya ta isa ya tsage. Ɓarawon titi ba zai san haka ba."

Suka sauka tare da manajan da Sayyida Mashael. Motar tana nan tana ruri, ruwa na ɗiga ƙarƙashinta. Mohannad ya ce mantuwa ce. Munira ta tuna masa cewa sai tara ya ce ya iso, ta miƙa hannu. Ya ba da makullin.

An kwantar da kujerun baya. Zanen yana kwance cikin farar takarda, an tokare kusurwoyinsa huɗu da soso, yadda ƙwararre ke yi.

Mohannad ya jingina da ginshiƙi, ya yi bayani ba tare da an matsa masa ba. Ba wanda ya taya zanen ranar gwanjo. Da ya faɗi gaskiya, cinikin shekara zai sauka ƙasa da na bara, kujerarsa ta tafi. Sai ya ɗaga waya ba kowa a kanta, ya sa aka buga guduma. Da lokacin biya ya ƙure, ya ga in an ce sata ce inshora za ta biya, rahoto ya tsaya yadda yake. Niyyarsa ya fita da motar kafin kowa ya iso, sai ga shugabar ta yi sammako ta tsare shi da shirye-shiryen taro.

"Da na kashe injin, da ba ku kama ni ba," ya ce. "Amma ba zan iya barin sa ya lalace ba."

"Ita fa?" Munira ta nuna Mastura.

Kofur Sa'ud ya sa masa ankwa, ya wuce da shi.

Sayyida Mashael ta matso tana ba Mastura haƙuri, ta ce halas, maganar iƙama ta wuce. Mastura ta saurare ta har ƙarshe. Sannan ta ce a gyara abin da aka rubuta a iƙamar, a kuma cire miliyan huɗun daga rahoto kafin baƙi su zauna, don ita ba za ta tsaya a ɗakin da ake karanta ƙarya ba. Shugabar ta gyaɗa kai.

Mastura ta zaro farar safar hannu ɗauri biyu daga aljihu, ta ba Souleymane ɗaya.

"Yalla, Baba. Ka riƙe ta ƙasa. A hankali."

Munira ta riƙe musu ƙofa har suka shige da zanen.