Waƙafi a Sunan Marigayiya Consolacion

Aikina in zauna a mota in jira. Shekara goma sha tara ina tuƙa motar 'yan sanda, ban taɓa zaman ba. Nakan bi Sufeto Sarmiento a baya riƙe da lemarsa, ko hadari babu, don kawai in ji abin da ake cewa. Matata ta ce da gulma na kawo ƙarin girma, da tuni ni ne kwamishina.

Saura kwana shida ranar ziyarar matattu, wata tsohuwa mai suna Aling Perlita Ocampo ta shigo caji ofis da gwangwanin fenti a hannu.

"An sace mini miji."

Sufeto ya ture kwanon shinkafa da busasshen kifi gefe. "Yaushe rabonki da shi, Iya?"

"Shekara biyar. Ya rasu."

A garinmu, can gefen Manila, talaka ba ya shiga ƙasa. Gurbi ake ba shi a jikin bangon maƙabarta, hawa shida, na shekara biyar. Sau ɗaya ake sabuntawa. Idan goma ta cika sai a fasa, a kwashe ƙashi, a sa wani. Aling Perlita ta sabunta na mijinta Dionisio tun watan Agusta, ga takarda da hatimi. Yau ta je shafa fenti, ta tarar da sunan wani a kan ɗanyen siminti.

"Ni dai a ba ni shi kafin ranar," ta ce. "Yara za su zo daga nesa. Gaban wa za su kunna kyandir?"

A maƙabarta muka samu Mang Tibo, mai buɗe gurabe, yana barci a kan kabarin wani mai hali.

"Ban taɓa wannan layin ba, yallaɓai."

"Baba, kai kaɗai ke da tsani a nan, kuma ga siminti har gwiwar hannunka."

Mang Tibo ya duba hannun kamar aro ya yi shi. Sai ya cire hula, ya zaro takarda daga ciki. Sunaye ne a jere, kowanne da alama a gabansa, "a bari" ko "a buɗe". Dionisio Ocampo, a buɗe.

Sufeto ya ɗora yatsa a wani layi, biyu sama da na Dionisio. Babu suna a wurin, sai "Jr." kawai, irin wanda ake liƙa wa ɗan da ya ci sunan ubansa. Shi ma an ce a buɗe.

"Wannan fa wane ne?"

"Kwana biyu ina nemansa, yallaɓai. Na ce ko ya ji labari ya gudu."

Wanda ya haɗa wa ofishin maƙabarta manhajar kwamfutar da ke fitar da wannan takarda shi ne Arnel Quiambao. Yana da ɗan ɗaki a saman wani shagon gyaran waya, da fanka ɗaya da ba ta juyawa.

"Aikina ba shi da matsala," ya ce tun kafin a tambaye shi.

Sufeto ya shimfiɗa masa takardar. "To gabatar da ni ga Malam Jr."

Arnel ya daɗe yana kallonta. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Shafi biyu ne, yallaɓai. A na farko ma'aikaci yana sa wa kowa alama. Daga nan jeri biyu ke wucewa zuwa shafin da ke buga takarda, jerin sunaye da jerin alamomi. Sunayen na ɗaure su igiya ɗaya, da waƙafi tsakanin kowane biyu. Shafi na biyu yana yankawa duk inda ya ga waƙafi. Suna na ɗaya ya ɗauki alama ta ɗaya, na biyu ta biyu, haka har ƙasa."

"Idan waƙafin na cikin sunan mutum fa?"

"Sai ya zama mutum biyu. Duk wanda ke ƙasa ya sauka taki ɗaya, ya ɗauki alamar na bayansa."

"Ka sani ke nan."

"Shekara biyu. Na rubuta wa Minda ta ofishin maƙabarta a 'yar takarda, kada ta sa waƙafi a suna. Na ce zan gyara bayan Kirsimeti."

"Wace Kirsimetin?"

Ni ma na ce zan gyara rufin kicin bayan Kirsimeti, don haka na maida ido kan fanka.

Minda Tolentino ce kaɗai ma'aikaciyar ofishin. Mace mai tsafta, ta kusa hamsin, da katin aiki rataye a wuya. 'Yar takardar Arnel na nan liƙe a gefen kwamfuta, har ta koɗe.

Sufeto ya sa ta buɗe shafin farko. Ya karanta a hankali. "Consolacion Abad, waƙafi, Jr. Wa ya rubuta haka?"

"Yadda iyalinta suka kawo ne, yallaɓai."

"Iyalinta. Tsohuwa ce mai shekara casa'in da ɗaya. Na duba allon gurbinta, babu Jr. Tun da kike kin taɓa jin mace Jr.?"

"Ko kuskuren hannu ne."

"Hannun da ya yi shekara biyu bai kuskure ba." Ya sauke yatsa layi ɗaya. "Wanda ke bin ta, Eusebio Magbanua. Shekararsa goma ta cika, a nan an ce a buɗe. A takardar Mang Tibo kuwa an ce a bari. Ya ɗauki alamar Dionisio, Dionisio ya ɗauki ta na bayansa. Juyo mini katinki, Malama."

Ba ta juyo da shi ba. Sufeto ya sunkuya ya karanta da kansa. Luzviminda Magbanua Tolentino.

Minda ta sa hannu ta rufe katin.

"Babana ne," ta ce. "Doka ta ce goma. Na roƙi shugaba, ya ce in na yi wa nawa, kowa zai zo. Kullum ina ganin abin da ake yi da su idan an fito da su. Na kasa."

"Kin san wani zai fita a madadinsa."

"Na ɗauka mutum ɗaya ne."

Sufeto ya ƙirga a takarda. Mutum bakwai aka fitar bisa kuskure, duk masu sabuntawa.

Bai sa mata ankwa ba. Ta kashe kwamfutar, ta shayar da furen da ke kan taga, ta bi shi. A bakin mota Aling Perlita na tsaye da gwangwaninta. Matan biyu sun san juna, coci ɗaya suke zuwa.

"Minda, ke ce?"

"Ni ce, Iya."

"To," in ji tsohuwar. Ta juya ga Sufeto. "An kama ta. Ina mijina?"

Sufeto ya dube ni, kamar direba ne zai sani. Na dubi Mang Tibo. Shi kuma ya yi gaba, muka bi shi zuwa wata rumfar kwano a bayan bango. A hanya wayar Sufeto ta yi ƙara. Arnel ne, yana cewa ya gyara, layi ɗaya ne, minti huɗu ya ɗauke shi.

Mang Tibo ya ja ƙyaure. Buhunan shinkafa ne ɗaure, cike da ƙasusuwan da aka kwashe, daga ƙasa har rufi.

"Wanne ne nasa, Baba?" Sufeto ya tambaya.

"Takarda ta ce a buɗe, yallaɓai. Ba ta ce a rubuta ba."

Aling Perlita ta ajiye gwangwanin fenti a ƙasa. Muka ƙirga, ni da Sufeto, don ba mu san me kuma za mu yi ba.

Buhu ɗari uku da goma sha biyu ne. Babu suna a kan ko ɗaya.