Wayar Gani-da-Ido a Shagon Obinna

Hannah tana surfen dawa a tsakar gida, amma hankalinta yana can Laberiya, inda saurayinta Ishaya yake aikin soja na kiyaye zaman lafiya. Shekara biyu ke nan rabonta da shi. Muryarsa takan zo ta waya ranar Lahadi bayan an tashi coci, minti uku kacal, sai ta yi sati tana juya kalmomin a ranta. Fuskarsa ce ta fara ɓace mata, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Hoto ɗaya gare ta, shi ma ya koɗe.

"Ke dai yi ta surfe!" in ji Gwaggo Saloma, yayar babanta, wadda labari bai taɓa kwana a bakinta ba. "Matar Kofur Lawwali ta ce sojojin da sunka tahi can duk sun yi mata. Duk!"

"Haba Gwaggo, ban da Ishaya."

Mahaifinta, Baba Dominic, ya rage muryar rediyonsa. Tsohon soja ne, ya san bariki ciki da bai. Ishaya ya yi masa golmo, noman da saurayi kan yi wa surukinsa, damina bakwai cur, amma maganar Gwaggo ta daɗe tana cin zuciyar tsohon.

"Murya ba ta da wuyar gyarawa," ya ce. "Idonshi nika son gani. In bai dube ni ya ce shina nan kan maganarshi ba kafin Kirsimeti, zan aika gidansu a warware. Ba ni aje ɗiyata tana tsufa banza."

Taɓarya ta suɓuce daga hannun Hannah. Wata biyu ya rage, Ishaya kuwa ba zai samu hutu ba sai baɗi.

Washegari ta je shagon Obinna, ɗan kasuwar nan mai buga waya da fotokofi a bakin tasha, idanunta a kumbure. Da ya ji damuwarta sai ya yaye wani ƙyalle a kan tebur. Waya ce kamar ta ofis, sai dai tana da allo kamar tafin hannu da ɗan ido baƙi a samansa.

"Sabo ne, daga Legas! Babu kwamfuta, sista. Igiya kawai zuwa dish na sama. Kai gani shi, shi gani kai."

Ta tura wa Ishaya saƙon tes. Bayan kwana uku ya amsa cewa akwai irinta a shagon wata mata kusa da sansaninsu. Suka sa Asabar da la'asar.

Ranar Asabar ɗin, Baba ya sa kaftaninsa na zuwa coci. Gwaggo kuwa ba wanda ya gayyace ta, amma ta riga kowa shiga shagon. Obinna ya danna lambobi, allon ya yi baƙi, ya yi dishi-dishi, sai ga Ishaya! Ya rame, ya yi duhu, amma wushiryar nan tana nan. Hannah ta zauna a kujerar da ke gaban allon, ta ƙura masa ido.

"Hannah... ke ce?"

"Matsa," in ji Baba, ya zauna a kujerar.

Zamansa ke da wuya, Ishaya ya ɓace daga allon. Sai bango da kalanda.

"Baba, ina wuni? Mun same ku lahiya?" Muryar tana fitowa sarai, mutum kuwa babu.

"Ina kake? Hito in gan ka!"

"Ga ni gabanka, Baba."

"Gabana ina? Ni za ka maida yaro?"

Ana haka sai wata mata mai manyan 'yan kunne ta leƙo, fuskarta ta cika allon, tana wani Turanci da sauri.

"Ga ta nan!" Gwaggo ta tafa hannu. "Mi na ce maku? Ya ɓuya, ya turo matar!"

Obinna yana "Papa, plis, tsaya," amma Baba ya riga ya kai bakin titi. A gida ya yanke magana: kada wanda ya ƙara ambaton sunan yaron nan a gabansa.

Hannah ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ranar Lahadi da wayarta ta yi ƙara, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Don me ka ɓuya? Wace ce waccan matar?"

"Mai shagon ce, a shekaru ta haife ni! Kuma wane ɓuya? Hannah, Baba ya zauna gabana, ni in miƙe ƙafa kan kujera ina kallon ƙwayar idonshi? Durƙusawa na yi! Ban ɗago kai ba sai da matar ta ce kun tashi."

Dariya da kuka suka haɗe mata lokaci guda. Ta so ta ruga ta faɗa wa Baba, sai ta tuna dokarsa, kuma ta san halinsa: in aka matsa masa, ƙara taurin kai yake yi. Ta haɗiye maganar. Kwana goma sha biyu tana kai masa abinci, tana wanke masa kaya, Gwaggo tana yada mata habaici, ita dai ba ta tanka ba. Kewar Ishaya kuwa ta ninka, don ganin ƙiftawar ido da ta yi masa ya fi rashin ganin zafi.

Wata safiya Baba yana tsaye a tagar ɗakinsa yana duban hadari. Hannah ta zo ta waje, ta durƙusa daidai ƙarƙashin tagar.

"Baba, ina kwana?"

Ya duba dama, ya duba hagu. "Ina kike ne? Murya kawai nika ji."

"Ga ni gabanka, Baba. Durƙushe nike." Ta ɗan ɗago kai. "Allon wayar nan bai kai tagar nan girma ba."

Baba ya leƙo da kansa ya gan ta a ƙasa. Ya dubi tagar, ya sake dubanta. Can ya yi gyaran murya.

"Ki ce da Obinna Asabar."

A wannan karon Ishaya ya roƙi mai shagon ta sauke wayar ƙasa a kan siminti. Da allon ya buɗe, ga shi nan tsugune, kakinsa a goge, hula a hannu, kai a sunkuye. Gwaggo ta buɗe baki ta rufe, abin da ba a saba gani ba.

"Ɗago kanka, yaro," in ji Baba. "Yau ɗaya na yafe maka. Dube ni."

Ishaya ya ɗago da ƙyar, idanunsa sun yi ja.

"Kana nan kan maganarka?"

"Ina nan, Baba. Ko shekara nawa ka ce, zan jira."

"Ba ka jiran komai. Da ka sauka Zuru, sati biyu, coci!" Ya miƙe yana share ido da hannun riga. "Yaya Saloma, taso mu ba yara wuri."

Gwaggo ta fita tana gunaguni cewa ita dama tun farko ta san yaron kirki ne.

Hannah ta zauna gaban allon. Ta matso da fuskarta kusa. Ta kalli goshinsa, ta kalli tabon da ke haɓarsa wanda ta manta da shi gaba ɗaya, ta yi ta kallo har ta ƙoshi.

An ɗaura auren bayan Ista. Da Hannah ta ɗaga wa mahaifinta murya a ranar da gaskiya take hannunta, da ta rasa uba ta rasa miji. Haƙuri ya ba ta duka biyun. Manya kuma su riƙa bincike kafin hukunci, domin saura ƙiris a kori yaro saboda ladabin da su da kansu suka koya masa.