Fumfunar Ɗakin Auta

Ruwa ya kwana tara yana sauka, yayyafi mai naci wanda ba ya barin ko tsumma ya bushe. Da yammacin rana ta goma, gab da magariba, Hedimasta yana zaune a baranda da biro a hannu. Shekara huɗu ke nan da ya yi ritaya, amma unguwa ba ta canja masa suna ba, shi ma bai canja hali ba. Wasiƙa ta bakwai yake rubuta wa mai gidan da suke haya, a kan fumfunar da ta cinye bangon ɗakin 'yarsa Auta.

Sai wani abu ya faɗo a kan takardar. Gutsuren siminti ne, bai fi kan yatsa ba. Na biyu ya bugi ƙyaure. Na uku daga cikin ɗakin Auta ya fito, inda ba kowa sai ita, tana kwance tana tari.

"Wane marar kunya ne wannan?" in ji shi, da muryar da ya saba tsayar da aji.

Ba wanda ya amsa sai ɗigar ruwa daga indararo.

Ɗakin kuwa abin tausayi ne. Bango ya yi baƙi daga ƙasa har kafaɗar mutum, takalma sun yi kore, keken ɗinkin Auta ya fara tsatsa. Warin wurin kamar na rijiyar da aka daɗe da rufewa. Igiya ta ratsa ɗakin da jiƙaƙƙun kaya, don ba inda za a shanya su. Jikin bango kuma ga babban kabad, cike da rajistoci da littattafan darasi na shekara talatin da biyar. Saboda wannan kabad ne Hedimasta ya hau tsani a farkon damina ya liƙe kafofin iska biyu da ke saman bangon gabas da na yamma da siminti, kada feshi ya taɓa masa takardu.

Likita ya ce a wanke bangon ko a fitar da yarinyar. Hedimasta ya hana a taɓa.

"Shaida ce," ya ce wa matarsa. "Idan kika goge, me zan nuna wa mai gida? Sai ya zo ya gani da idonsa."

"Malam, shaidar tana cikin ƙirjin 'yarka," in ji ta, a gajiye. "Can za ka kai shi ya leƙa?"

Jifa ta ci gaba kowace yamma. A rana ta huɗu da farawa suka tarar da Auta zaune, ta fuskanci bango, ta ɗaga kai sama. Uwar ta kira ta sau uku. Da Auta ta buɗe baki, murya ce mai kauri, ta tsoho, wadda ba ta taɓa zama a maƙogwaronta ba.

"A buɗe," ta ce. "Na gaji. A buɗe."

Wannan karon Hedimasta bai nemi biro ba.

Da safe matar ta ɗauko Alaramma mai ruƙiya, wani siririn dattijo marar yawan magana. Ya tsaya bakin ƙofa ya shaƙi iskar ɗakin, ya yi atishawa, ya dubi Hedimasta. Sa'an nan ya zauna a tabarma ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Auta ta soma rawar jiki, numfashinta yana fita kamar ana jan zarto.

"Wane ne kai?" Alaramma ya tambaya.

"Mai wucewa."

"Mai wucewa ba ya kwana a jikin 'yar mutane. Me ya tsayar da kai?"

Hannun Auta ya ɗagu a hankali ya nuna Hedimasta. "Shi. Tun kafin su tare a gidan nan nake bi ta kafofin nan biyu, in shiga ta gabas in fita ta yamma. Ban taɓa ɗaukar musu ko allura ba. Ina ciki ya liƙe su."

"Siminti zai tsare irinka?"

"Ba siminti ba ne. Mutumin nan bai iya yin aiki rabi ba. Kowane cokalin siminti da ya ɗora sai da ya yi bisimilla a kai."

"Ƙofa fa?"

"Ƙofa taku ce. Ba a ba ni ita ba."

Tsoro bai kashe wa Hedimasta hali ba. Ya matso, yana kaɗa yatsa. "To, bangon fa? Wa zai ɗauki alhakin wannan ɓarna? Ina son amsa, ba kwana-kwana ba!"

Muryar ta yi wata dariya marar ƙarfi. "Malamin makaranta, ni ma fumfunar nan ta ishe ni. Ba tawa ba ce. Numfashinku ne, da ruwan wankinku, da danshin ƙasa, ka tara su ka hana su mafita. Sanyi ne ya kore ni daga bango, na ga ba inda ya rage da ɗumi sai ƙirjin yarinya."

Matar ta dubi mijinta, ya sunkuyar da kai.

"Ku bar mini ɗakin," in ji muryar. "Ku kwashe naku ku bar ni."

"Ba za a bar maka ko taku ɗaya ba," Alaramma ya ce. "Hanya ka ce, hanya za a ba ka. Za a fasa kafofin kafin rana ta faɗi. Kai kuma ka fita daga jikinta, ba ka ƙara kusantar ta har abada."

"A janye kabad ɗin ma. Ya tare mini gabas."

"Takarduna ne!" Hedimasta ya ce. "Aikin rayuwata ne a ciki!"

Alaramma ya juyo. "Allah ya ba ka haƙuri, Hedimasta. Ga kabad, ga 'yarka. Ni dai ba zan zaɓar maka ba."

Auta ta yi wani tari mai tsawo, har jikinta ya lanƙwashe. Hedimasta ya fita ya dawo da tsani da guduma.

Aikin ya ba shi wuya, don ya yi liƙin da kyau. Sai bayan la'asar kafa ta biyu ta buɗe. Wata iska mai sanyi ta ratsa ɗakin, kayan kan igiya suka kaɗa gaba ɗaya, Auta ta yi atishawa uku ta faɗi jikin uwarta.

"Mama," ta ce da muryarta ta ainihi, "ƙishirwa nake ji."

Da suka ja kabad ɗin, bayansa ya rufto. Rajistocin sun manne da juna, sun zama baƙin dunƙule. Hedimasta ya ɗauki guda ya buɗe, shafin ya narke a yatsunsa, ba sunan ɗalibi ko ɗaya da zai karantu. Ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya kwashe su da hannunsa ya kai su can waje, bayan gidan.

Alaramma ya sa takalmansa. "Ku wanke bangon nan, ku bar taga a buɗe, ku daina shanya a ciki. Wannan ba sai da ni ba."

Aka shimfiɗa wa Auta a ɗakin uwarta, barci ya ɗauke ta tun kafin duhu. Hedimasta ya tsaya bakin ƙofa da bokiti da soso, ƙurar siminti a gemunsa, ya kasa kunne. Numfashin yana shiga yana fita, a hankali, ba ƙara.

"Malam, ka zauna ka huta," matar ta ce. "Gobe ma rana ce."

"Ta kwana arba'in tana shaƙar abin nan saboda ni," ya ce. "Ba zai ƙara kwana a gidan nan ba. Riƙe mini fitila."