Taurarin Damina

"Abu ɗaya na tambaye ka. Da ka tsaya gaban allon nan, ka ambaci sunan Baba ko ba ka ambata ba?"

Ya'u ya dubi ƙasa. A soron Modibbo Hammadu suke, a Gwallaga, bayan la'asar. Ita tana bakin ƙofar cikin gida, shi yana riƙe da kan kekensa.

"Zinariya, ilimi ai ba gonar gado ba ne."

"Yau Habibatu nake. Ajiye Zinariyar ka ba ni amsa."

Bai ambata ba. A nan gizo ke saƙar.

Ya'u da Modibbo makaranta ɗaya suke koyarwa, kwalejin horon malamai da ke bayan gari. Ya'u na labarin ƙasa, Modibbo na Larabci. Amma abin da aka fi sanin tsohon da shi shi ne hisabin taurari. Duk shekara manoman Zungur sai sun tako sun tambaye shi lokacin shuka. Bai taɓa rubuta wannan ilimi ba. Baki da baki ya karɓa, kuma mutum ɗaya ya yarda ya ba. Ya zaɓi Ya'u.

Wurin ɗaukar karatun ne Ya'u ya fara ganin Habibatu, 'yar Modibbo. Ta dawo daga makarantar 'yan mata inda take koyarwa, alli ya yi mata fari a gefen mayafi. Ya ce ashe gidan nan malamai biyu gare shi. Ta rufe baki tana dariya ta shige. Kafin shekara ta zagayo, manya sun shiga maganar.

Sai aka shiga shekarar karɓar mulkin kai. Baturen makaranta ya fara ɗaure kayansa, ana ta raɗe-raɗin wanda zai gaje shi. Ya'u ba kujerar ce ta dame shi ba. Gani yake Turawa za su tafi da abin da suka sani, tsofaffi kuma za su kwanta da nasu. Don haka ya kafa zaman Alhamis, inda kowane malami zai koya wa sauran abin da ya iya.

Ranar da layi ya zo kansa, ya zana taurarin rani da na bazara a allo, iyakar inda karatunsa ya kai. Al'adar wannan ilimi ita ce kafin ka buɗe baki ka ce daga wane ka karɓa, shi ma daga wane, a yi musu fatiha. Ya'u ya sani. Ya ga Bature zaune a gaba ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ya ji abin zai yi kama da ƙauyanci. Ya tsallake. Aka tafa masa.

Abdulsalami, malamin Turanci, wanda ke son kujerar kuma ya taɓa neman Habibatu ba ta saurare shi ba, bai bari magariba ta yi ba sai da ya kai wa Modibbo labari.

Modibbo bai yi faɗa ba. Ya naɗe buzun da Ya'u ke zama a kai, ya rataye. Ya aika wa iyayen Ya'u a dakata da maganar aure. Ya ce wanda ya ji kunyar sunan malaminsa wata rana zai ji kunyar sunan surukinsa. Makaranta ma ya daina zuwa sai lokacin darasinsa.

"Kana tsammanin koyarwar ce ta ƙona masa rai?" in ji Habibatu. Muryarta ta yi ƙasa. "Kakana da ƙafa ya je Adamawa neman wannan abu. Kai kuma ka goge shi da tsumman allo."

Ya'u ya ce zai ba tsohon haƙuri. Ta ce ba a soro ya ɓata ba, ba a soro zai gyara ba. Ta shige, labule ya koma.

Ya daɗe bai sake bi ta Gwallaga ba. Ya rame. Girman kai ciwo ne da mai shi ke jinya da kansa.

Ana nan Bature ya kira shi ya ce shi yake so ya gaje shi. Wani babba zai zo daga Kaduna ranar Alhamis, kuma an riga an gaya masa akwai wani yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya tsara kalandar noma da basirarsa. Ya maimaita darasin nan kawai, magana ta ƙare.

Alhamis ta zo. Ya'u ya tsaya gaban allo da alli a hannunsa. Ya ajiye shi.

"Wannan ba nawa ba ne," ya ce. "Na karɓa daga Modibbo Hammadu, shi daga mahaifinsa Modibbo Buba, shi kuma daga malaminsa na Adamawa. Rabi kawai na sani. Ina roƙon a yi musu fatiha."

Malamai suka ɗaga hannu. Baƙon Kaduna ya dubi agogonsa. Bature ya dubi taga.

Abdulsalami aka ba kujerar. Aikinsa na farko shi ne soke zaman Alhamis, wai ba ya cikin tsarin makaranta.

Malam Jesse mai koyar da lissafi, wanda ko fatiha bai iya ba, shi ya hau keke ya je ya gaya wa Modibbo abin da ya gani. Tsohon ya saurara har ƙarshe. Sannan ya miƙe ya sauko da buzun, ya karkaɗe. Ya ce a gaya wa yaron ya zo Asabar su shiga taurarin damina. Ya kira ƙaninsa Baffa ya ce ya shaida, ya ba Ya'u Habibatu.

Da yamma Ya'u ya jingina kekensa a soron.

"Na rasa kujerar, Zinariya."

"Da kujerar zan aura?"

"Ba ni da komai sai keken nan."

"To ka riƙa sa masa mai. Kukansa tun daga kasuwa nake ji, zuciyata ta yi ta bugawa, Dada mahaifiyata ta yi ta kallona."

Ya yi dariya, karo na farko tun da abin ya faru.

Ranar Juma'a, a hanyar dawowa daga masallaci, Modibbo ya yanke jiki ya faɗi. Ya tashi ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya tafi. Asabar ta zo ta wuce, buzu na shimfiɗe.

Baffa ya ce maganar da yayansa ya yanke ba za a ɗage ta ba. Ranar ɗaurin aure da asuba ruwan farko ya sauka, gari ya ɗau ƙamshin ƙasa. Aka fito da Modibbo soro aka jingina shi da matasai. Baffa ya bayar, liman ya ɗaura, aka shafa fatiha, goro ya zagaya. Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya kawo zuri'a mai albarka. Daga cikin gida guɗa ta tashi. Habibatu na bayan labule cikin lulluɓi, tana kuka, ita kanta ba ta san na wanne ba ne.

Modibbo ya kama hannun Ya'u da hannunsa mai lafiya, ya matse. Ya nuna sama ta ƙofar soro. Leɓunansa suka motsa, ba abin da ya fito.

Jama'a sun fara watsewa sai ga Bakari, dattijon manoman Zungur, ƙafafunsa duk taɓo. Ya durƙusa ya yi murna, ya sa albarka. Ya dubi Modibbo, ya kau da kai. Sannan ya juyo wurin ango.

"An ce kai ne magajin, Malam. Iri na nan mun fitar, ba mu da wani in ya ƙone. Ruwan nan na yau, na shuka ne ko mu dakata?"